Kwabban Cacar Marigayi Wangdu

Chengdu, 14 ga Maris, 1999

Ama-la,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Ina fata kina shafa man da na aiko, ba ki ɗora shi kan kanta kina jiran ranar da ciwon zai cancance shi ba. Ki gaishe mini da kawuna Ashang Lhundup, ki ce masa ya daina wasa da maganar idon nan nasa. Ni lafiyata lau. A maɗaba'a yanzu an ba ni aikin duba kurakurai a littattafan makaranta na harshenmu. Garin nan kuwa kullum gajimare, na yi kwana ashirin ban ga rana ba.

Ama-la, wata alfarma nake nema. Jakar fatar nan ta Pala, mahaifina, wadda yake wasan cacar sho da ita, tana nan cikin akwatin da ke ƙarƙashin wurin ibada? Ina so ki aiko mini da ita in an sami mai zuwa. Kwabban jan ƙarfen da ke ciki nake so, musamman ƙananan nan guda tara masu hoton druk, macijin sama, waɗanda ba ya yarda kowa ya yi wasa da su sai shi.

Na sami abokai a nan. Kowace Lahadi muna haɗuwa a wani gidan shayi bayan kasuwar tsofaffin kaya, mu shida ko bakwai, kowa ya zube kwabbansa a kan tebur. Babbanmu wani dattijo ne Basine mai suna Fan. Sai mu zauna tun hantsi har yamma ba mu san lokaci ya tafi ba. Makon jiya na je da bakwai na dawo da biyu, amma ban damu ba, haka abin yake. Da ina da na Pala, da su ne za su riƙa roƙona in zauna.

Ɗanki,
Gyurme


Gyantse, 2 ga Afrilu, 1999

Gyurme,

Takardarka ta iso. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta, ina zagayen ibadata da safe da ita, ba ta hana ni ba. Ashang ɗinka ya amsa gaisuwa. An fara huɗar gonaki, sanyi ya ragu. Wannan ke nan game da lafiya.

Na karanta abin da ka rubuto sau huɗu. Ba don ban iya karatu ba, ka san na gama sakandare a Shigatse lokacin da 'yan matan da ke ajinmu ba su wuce biyar ba. Na maimaita ne ko zan ga wata ma'ana daban, ban gani ba. Maza shida a gidan shayi. Kwabbai a kan tebur. Yini guda ya tafi ba ku sani ba. Ka je da bakwai ka dawo da biyu, kuma ba ka damu ba. Gyurme, shekara ashirin da shida na yi ina jin wannan magana daga bakin wani mutum, har muryar ma na ji a cikin rubutunka.

A lokacin kana ƙarami ne, don haka abin da ka riƙe na ubanka shi ne dariyarsa da waƙoƙin da yake yi in zai kifa akushin ƙwayoyin caca a kan faifan fata. Bari in gaya maka abin da ni na riƙe. Ranar da aka haife ka, sai da aka aika sau uku lambun bakin kogi kafin ya taso, kuma da ya zo abin da ya fara ce mini shi ne, "Yudron, yaron nan mai sa'a ne, tun safe nake ci." Shekarar da ka shiga makaranta ya fita da saniyar nomanmu da igiyarta, ya dawo da igiyar. Murjanin uwata, wanda ta ɗaura mini a wuya da hannunta, yana wuyan matar wani direba har yau, ina ganinta a kasuwa muna gaisawa. Ubanka ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa zagina ba. Ya dai fi son ƙarar akushin nan fiye da komai da ke cikin gidansa, kuma mutum mai kirki yana iya cinye gida ƙarƙaf yana murmushi.

Ba don wannan na yi shekara tara ina saƙar darduma har yatsuna suka kanannaɗe ba. Na tura ka Chengdu ka zama mutum, ba ka je ka nemo wa halin ubanka sababbin abokai ba. Kuma an gaya mini yadda gidajen shayin garin nan suke, tun daga ƙofa ake jin ƙarar cacar majan ta Sinawa kamar ana zubar da tsakuwa.

Ba zan aiko da jakar ba. Na daɗe ina tunanin abin da zan yi da ita, takardarka ta yanke mini shawara. Zan kai kwabban wurin maƙeri Penpa ya narkar da su, ya ƙera fitilar man shanu in kai gidan ibada da sunan ubanka. Ƙarfen da ya jawo masa zunubi ya samo masa haske ko kaɗan ne.

Ka rubuto mini da wuri, ka gaya mini gaskiya tun yaushe ka fara. Ka riƙa sa rigar sanyi ko da kana jin garin da ɗumi.

Mahaifiyarka,
Yudron


Gyantse, 20 ga Mayu, 1999

Gyurme,

Ina fata kana lafiya, tun da ba ni da hanyar sani. Mu muna nan. Sha'ir ya tsiro, an yi ruwa sau biyu.

Mako bakwai ke nan. Kowace Talata da Jumma'a ina zuwa gidan waya, har yarinyar da ke wurin ta fara girgiza mini kai tun kafin in ƙaraso. Shekaranjiya na biya kuɗi aka buga waya maɗaba'arku, wani ya ɗauka ya yi ta Sinanci da sauri, abin da na tsinta kawai shi ne ba ka nan. Ba ka nan ina? Ubanka ma haka yake yi in an ci shi da yawa, sai ya kwana biyu a gidan abokai har fushina ya huce. Ni fushina ba ya hucewa da shiru, ka sani.

Na yi abin da na ce zan yi. Na ɗauki jakar gaba ɗaya, da akushin da faifan fatar da kuɗin wurin da ake jerawa da ƙwayoyin cacar guda biyu, na kai wa Penpa. Ya zazzage ta a kan tabarma ya duba, sannan ya ce, "Acha Yudron-la, wannan ai jakar Wangdu ce."

Na ce, "Na san ta wane ne, a gidana ta kwana."

Ya ce, "Cikakkiya ce fa. Kwabbai kala uku, tara-tara, ko ɗaya bai ɓace ba. Yanzu duk garin nan da murafen kwalba ake wasa, wa yake da irin wannan?"

Na ce, "Fitila nake so, mai tsawon tafin hannu."

Sai ya sosa ƙeya. "Acha-la, kin san irin maganganun da kwabban nan suka ji a bakin mijinki? In na ƙera fitila da su, lamomi, malaman gidan ibada, za su riƙa jin batsa tana fitowa daga harshen wutar."

Na ce masa in ya gama raha ya gaya mini ranar da zan dawo. Ya ce ba ya hura wuta a watan Saga Dawa, domin ƙwari suna faɗawa ciki su mutu, kuma shi ba zai ɗauki alhakin rai a wata mai tsarki ba. Wannan kam gaskiyarsa ce, ban ja da shi ba. Ya ce da zarar watan ya fita zai narkar. Na bar masa kome, na ce akushin da sauran tarkacen ya sa su a wutar su ma.

Da na dawo gida na buɗe akwatin na ga wurin da jakar take babu kome, ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Ba jakar ce damuwata ba, kai ne.

Ga abin da zan gaya maka. Ashang ɗinka zai zo Chengdu a ƙarshen watan gobe a cire masa yanar ido. Na ce masa ya neme ka, ya ga inda kake kwana da waɗanda kake zama da su. Ban ɓoye maka ba, ni ba na aiki a ɓoye. In ya dawo ya ce mini abin da nake tsoro gaskiya ne, zan sayar da dardumar da ke kan masaƙa in hau mota in zo in ɗauke ka da kaina, a gaban abokan naka. Gara ka dawo ka yi noma da kunya da ka zauna can ka lalace da takardar shaida.

In kuma ba ka da lafiya ne, ka sa wani ya rubuto layi biyu. Wannan ba zai gagare ka ba.

Mahaifiyarka,
Yudron


Chengdu, 9 ga Yuni, 1999

Ama-la,

Lafiyata lau, ki kwantar da hankalinki. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Tun farkon Afrilu aka tura mu Derge mu ɗauki hoton tsofaffin allunan buga littattafai, aikin mako uku, sai ƙasa ta zaftare ta rufe hanya. Na rubuto miki daga can, da alama takardar tana bayan duwatsun har yanzu.

Na sake tuna abin da na rubuta a watan Maris, na ga laifina ne. Ama-la, ba caca muke yi ba. Ban sake riƙe akushin sho ba tun ranar da kika kama ni da shi ina ɗan shekara goma, kunnena bai manta ba. Mutanen nan masu tara tsofaffin kwabbai ne. Muna zube su a tebur ne mu duba, mu gwada, mu yi musaya. Bakwan da na je da su na yau da kullum ne masu hoton zaki, na ba da su aka ba ni biyu da ba ni da irinsu. Ga takarda na haɗo, na ɗora ta kan kwabban na goga fensir don ki ga kamanninsu. Littafina ya kai shafi sittin da irin wannan.

Guda taran nan na Pala ba kamar sauran ba ne. A Lhasa aka buga su a zamanin sarkin Sin na ƙarshe, lokacin da wakilinsa yake zaune a can. Gefe ɗaya haruffan Sinanci huɗu, ɗaya gefen druk da rubutunmu. Ba a daɗe ana buga su ba sarautar ta faɗi, druk ya fita daga kuɗinmu, zaki ya zauna. Dattijo Fan ya yi shekara talatin yana nema, biyu kawai ya samu, ɗaya ma ya goge. Kullum muna musu da shi, yana cewa har gajimaren da ke kan kwabban zaki daga hannun maƙeransu aka koya, ni ina cewa ya je ya dubi bangon gidan ibadarmu. Ba ni da hujja a hannu, sai abin da na tuna tun ina yaro.

Kin taɓa gaya mini kakana ne ya bar wa Pala su, daga zamanin da yake kora alfadarai zuwa Kalimpong. Ba sayarwa zan yi ba. Abu ɗaya ke nan da ya bi ta hannunsu su biyu ya iso gare mu.

Saga Dawa zai fita nan da kwana huɗu, takardar nan kuwa sai ta yi mako biyu a hanya. Na san mai yiwuwa na makara. In an riga an narkar, shi ke nan, fitila ce ta Pala, ba zan ce kome ba. Ashang ya zo, zan kai shi ko'ina yake so.

Ɗanki,
Gyurme


Gyantse, 28 ga Yuli, 1999

Ɗana Gyurme,

Ina gaishe ka. Ashang ɗinka ya iso lafiya ranar Asabar, idon ya buɗe, yanzu yana ganin ƙurar da ke gidansa yana yi wa matarsa faɗa. Gwiwata da sauƙi, na fara shafa man. Sha'ir ya yi kai, in ƙanƙara ba ta sauko ba bana za a samu.

Takardarka ta zo tun ƙarshen Yuni, ban amsa ba da gangan. Na ji daɗi da na san kana raye, amma ban gaskata sauran ba. Kada ka ji haushi. Ubanka ya fi ka iya bayani, ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini dalla-dalla yadda rasa saniyar nan riba ce. Na ce sai na ji daga bakin wanda ya gani. Wurin Penpa ma ban je ba. Na ce in an narkar an narkar, in kuma yaron ƙarya yake yi, gara a narkar.

Ashang ɗinka bai ko sauke jakarsa ba na zaunar da shi na zuba masa shayi. Na ce, "Lhundup, kada ka rufa masa asiri don ɗan 'yar'uwarka ne."

Ya ce, "Acha, da akwai asirin da zan rufa da na ji daɗi. Ban taɓa yin Lahadi mai tsawon wannan ba."

Na ce, "Ka je ba tare da ya sani ba?"

Ya ce, "Sau biyu. Na farko shi ya kai ni. Na biyu na lallaɓa ni kaɗai, ido ɗaya a ɗaure, na zauna bayan ginshiƙi kamar ɓarawo. Tsofaffi biyar da ɗanki, kowa da gilashin ƙara girma a ido. Kwabo ɗaya, Acha, ɗaya tak, suka yi awa biyu suna miƙa wa juna. Wannan ya ce wutsiyar zakin ta karkata hagu, wancan ya ce dama. Ko a gidan makoki an fi su hayaniya."

Na ce, "Ƙwayoyin caca fa?"

Ya ce, "Babu. A teburin da ke kusa da su ana ta majan, kuɗi na yawo, mata na ihu, ɗanki ko waiwaye bai yi ba. Ni ne ma na waiwaya."

Na ce, "Giya?"

Ya ce, "Shayi, shi ma ya huce ba su sha ba. Ni dai barci ya ɗauke ni, da na farka suna kan wutsiyar. Acha, yaron nan ba ɗan caca ba ne. Abin da ya same shi ya fi kama da tsufa."

Gyurme, na tashi na shiga ɗakin ibada na rufe ƙofa. Abin da na yi a ciki ba ruwanka. Da na fito sai na tuna da Penpa, na ga Saga Dawa ya fita da mako shida.

Ban tsaya ɗaura gyale ba. Na tarar da maƙerar a rufe, murhun ya yi sanyi har kaza ta yi ƙwai a ciki. Matarsa tana wanki a tsakar gida, ta ce, "Acha-la, in fitilarki ce kika zo nema, ki yi haƙuri. Tun da aka fara fita shan iska ban ga mutumin nan da rana ba. Yana lambun bakin kogi."

Tun daga gada na ji ƙarar. Shekara huɗu ban ji ta ba, tun rasuwar ubanka, amma na gane ta, domin akushin ubanka yana da tsaga a baki, ƙararsa daban take. Na same su a ƙarƙashin itatuwa, Penpa da wani tela da mijin matar nan mai murjanina, sun baje faifan fata, sun jera wuri, ga tulun giyar sha'ir a gefe. Penpa ya ɗaga akushi sama yana waƙa, irin waƙar da ba zan rubuta ba. Masu druk ɗin suna gabansa, su ya zaɓar wa kansa.

Na tsaya a kansa na ce, "Penpa, fitilar tawa ke nan?"

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya ce, "Acha Yudron-la. Ai gobe nake shirin hura wuta."

Na ce, "Ƙwarin sun gama wucewa?"

Ya ce, "Gwada ƙarfen nake yi. Sai an ji ƙararsa ake sanin ko zai yi fitila."

Telan ya ce, "Mako shida yana gwadawa, Acha-la, kuma ƙarfen ya ci mini hula."

Na durƙusa da gwiwar nan tawa na tsince kwabban ɗaya bayan ɗaya daga tsakanin wurin, a tsakiyar wasansu. Na masu druk takwas na gani. Na miƙa hannu, Penpa ya ɗaga cinyarsa ya ciro na taran. Sannan ya ce, cikin ƙaramar murya, ko zan bar masa akushin da ƙwayoyin, tun da ba su narkuwa. Na ce matarsa ba ta yi mini laifin kome ba da zan yi mata haka. Na jefa ƙwayoyin cikin kogi a gabansu. Akushin yana kicin, na zuba gishiri a ciki.

Ka lura da wannan, domin akwai darasi. Na ɗauki cikakkiyar jakar sho na damƙa wa namijin Gyantse ana gab da lokacin shan iska, na koma gida ina ganin na yi aikin lada. Da na kai wa mutumin kirki, da yanzu kwabbanka sun zama fitila. Halin da na tsana shi ya tsare maka su. Na yi ta juya wannan a raina, ban ji daɗinsa ba, kuma kada ka ɗauka yana nufin caca tana da amfani.

Na wanke su da ruwa kawai, Ashang ya ce kun hana a goge su da toka. Na sa tabarau na dube su da kyau, karo na farko, bayan shekara talatin suna gidana. Druk ɗin ya fi kama da ƙadangaren da ya ji yunwa. Amma rubutun namu yana nan, na karanta shi. Game da gajimaren, ka gaya wa dattijon naka ni na ce namu ne, na saƙa irinsa a darduma ya fi sau ɗari.

Direba Tsewang zai taso jibi, na ba shi duka ashirin da bakwai, na ɗinke su cikin safa. Fitilar ubanka na ba da tsohuwar butar jan ƙarfe a yi ta, wurin wani maƙerin. Ka riƙa rubutu a fili yadda mutum zai gane. Ka rage zama da tsofaffi, shekarunka ashirin da biyar, akwai 'yan matan ƙasarmu da ke karatu a garin nan, Ashang ya gansu da ido ɗaya ma.

Wata huɗu na yi ina kallonka da fuskar wani. Ban saba ba da haƙuri a takarda ba, kuma ba yau zan fara ba. A cikin ƙunshin akwai busasshen cuku, igiya shida. Ka san biyu na saba aikowa.

Kunchok da muke bauta wa ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka,
Yudron